Dutsen nan mai haƙora ba kwalli bane, amsa ga mai son fara tara burnonait

"Assalamu alaikum Kawu, ya Jidda ya zafi. Ni a Madina nake ina tsaron shagon turare da dabino da ismid, wato kwalli, kuma tun ina yaro nake son duwatsu masu ƙyalli ina ɗan tarawa a kwali. Kwanan nan wani ya turo min hoton wani dutse baƙi-baƙi mai sheƙi irin na dalma, gefensa duk haƙora kamar wilin cikin agogo, a takardarsa an rubuta bournonite, wai daga ƙasar Sin aka kawo, girmansa bai wuce ajwa ɗaya ba amma yace riyal 700. Ni dai a idona bashi da maraba da dutsen kwallin da muke aunawa alhazai. Dan Allah meye shi, me ya kawo wannan tsadar, ya zan gane na gaske ne, kuma ana samunsa a duwatsun nan Saudiyya in je in nema da kaina?"

Wa'alaikumus salam ɗana, lafiya lau alhamdulillah, zafi kam sai godiya. Naji daɗin tambayar nan sosai dan yaranmu kaɗan ne suke kula da irin wannan abu. In na fahimceka, abinda ya ɗaure maka kai shine ya za'ayi dutsen da yayi kama da wanda kake zubawa a sikeli kullum ace ɗan guntunsa ya kai riyal 700, sannan kana tsoron kar a saida maka kwalli da sunan wani abu. Tsoron naka yana kan hanya. Na shafe shekaru a ɗakin gwajin duwatsu ina yanka samfurin da ake kawowa daga wuraren haƙa ina gogewa ina dubawa a madubin ƙara girma, kuma nima ina da ɗan akwatin tarina a gida, to bari in gaya maka abinda na sani.

Burnonait ma'adini ne da abu huɗu suka haɗu a cikinsa, dalma da tagulla da antimoni (wani ma'adini mai gautsi mai kama da ƙarfe) da farar wuta. In ka ɗauki giram 100 mai tsabta, wajen 42 dalma ce, 25 antimoni, 13 tagulla, sauran kusan 20 ɗin farar wuta. Dutsen kwallin da kake gani a kasuwa galibinsa galina ne, wato dalma da farar wuta kawai, wani kuma istibnait ne, antimoni da farar wuta. Kaga kenan idonka bai yi ƙarya ba, dangi ne, shi burnonait kamar ya ɗebo daga gidan wannan ya ɗebo daga gidan wancan ya ƙara da tagulla. Irin waɗannan ma'adinai da ƙarfe yake haɗuwa da farar wuta sannan antimoni ko arsanik ko bismut ya shiga tsakani ana kiran danginsu salfosolt, sun haura 200, yawancinsu launin toka ne ko baƙi masu sheƙin ƙarfe, kuma yawancinsu ko mu da muke aikin bama iya rabasu da ido sai an kai na'ura.

Sunan na wani Bafaranshe ne, Jacques-Louis de Bournon, wanda ya gudu Ingila lokacin juyin juya halin Faransa, shi yayi bayanin dutsen a 1804 daga samfurin yankin Konwal na Ingila, sai Robert Jameson na Edinbura ya sa masa sunansa a 1805. Shima Jameson ɗin daga baya an sa sunansa a wani ɗan'uwan wannan dutse, jemsonait, mai fitowa siri-siri kamar gashi ko allurai.

Inda tsadar take

Ƙarfen dake cikin ɗan dutsen nan in aka narka bai kai kuɗin shayi ba. Abinda ake biya shine siffar, waɗancan haƙoran da ka gani. Shi burnonait ruwan zafi ne mai ɗauke da ƙarafa yake hawowa ta tsagar duwatsu a can ƙarƙashin ƙasa, yana hucewa yana ajiye kayansa, to mafi yawan lokaci tsagar cikewa take yi tam sai ma'adinan su cakuɗe su zama dunƙule ɗaya mara fasali, shi kuma burnonait ya zama ƴan ɗigo-ɗigo cikin galina wanda sai a madubi zaka ganshi. Ni na ganshi a haka sau da dama, fari-fari mai ɗan ratsin kore ko shuɗi, in ka juya hasken sai kaga layuka sun giggitta juna kamar saƙar tabarma. Amma kafin ya fito kiristal mai fuska da kusurwa sai an dace da wani ɗan kogo a cikin tsagar inda ya samu sarari ya girma a hankali babu abinda ya matse shi, sannan kogon ya tsira daga nakiyar masu haƙa, sannan a samu lebura mai hankali da ya ɓamɓaro shi bai farfasa ba, sannan ya tsallake hannu biyar ko shida har ya iso gareka haƙoransa basu zube ba, alhali dutse ne mai gautsi wanda taurinsa 2.5 zuwa 3 ne kawai a ma'aunin Mohs na taurin duwatsu, wato kaɗan ya ɗara farcenka.

Haƙoran kuwa tagwaye ne. Ginin cikinsa ɓangarori biyu sun kusa zama daidai a tsawo, shiyasa in kiristal biyu suka tsiro a manne sai su gitta juna kusan a miƙe kamar alamar tarawa, in abin ya maimaitu sau da yawa sai ya zagaye ya zama wili mai haƙora a baki. Masu haƙa na Jamus da na Cavnic a Romaniya tun da can sunan da suke kiransa dashi ma'anarsa dutsen wili, na Konwal ma haka. Wannan siffar ita ce ta fitar dashi daga cikin danginsa har masu tara duwatsu suke rububinsa.

Sai abu na biyu da ake biya, wanda sababbi basa ɗauka da muhimmanci, takardar asali. Ramin da yafi suna a duniya akan burnonait shine Herodsfoot kusa da Liskeard a Konwal, ramin dalma da azurfa ne, mafi kyawun wililluka sun fito daga nan ne wajen shekarun 1850 zuwa 1860 da ɗoriya, wani dillali Richard Talling shi ya fitar da yawancinsu, ramin kuma an rufe shi tun 1884. Kaga duk wanda yake hannun mutane yau tsohon kaya ne, babu sabo, wasu suna gidan tarihin halittu na Landan. Dutse ɗaya in yana da tsohuwar takarda da ta nuna daga Herodsfoot yake kuma ga hannayen da ya bi, farashinsa daban ne da irinsa sak wanda ba'a san daga inda ya fito ba. Akwai na Neudorf a tsaunukan Harz na Jamus masu faɗi kamar faranti, akwai na Cavnic da Baia Sprie a Romaniya, na Les Malines a kudancin Faransa, na Machacamarca a yankin Potosi na Bolibiya, da na Quiruvilca a Feru. Wanda aka ce maka daga Sin yake, in gaskiya ne to kusan ko yaushe daga Yaogangxian ne a lardin Hunan, ramin wani ƙarfe ne da ake kira tangistan, kuma nasu sun shahara da haske kamar an wanke azurfa, sau da yawa a zaune akan farin kwaz, dutsen nan mai tauri mai kama da gilashi, wani lokaci harda wani ma'adinin da ake kira fulorait. Dan haka tambayar farko da zaka yiwa mai kayan itace wane rami, ba wace ƙasa ba. In yace Sin kawai yayi shiru to ko dai bai sani ba ko baya so ka sani, kowanne ne ciki kuɗin ya kamata ya sauka.

Yadda zaka gwada

Gaskiya daga hoto ba'a yanke hukunci akan salfosolt, ni bazan ce maka wannan na gaske bane ko na ƙarya ina kallon waya, duk wanda ya yanke maka daga hoto ɗaya shaci-faɗi yayi. Amma akwai abubuwan da zaka iya da hannunka in dutsen yazo gabanka, kuma kai kana da sa'a dan kana da galina a shago da zaka ajiye gefe ka kwatanta.

Ɗauki guntun kwallinka ka kalli inda ya fashe. Galina tsagewa yake yi murabba'i murabba'i kamar sukarin ƙwaya, ko ɗan matakala ƙanana masu fuska sumul. Burnonait baya yin haka, in ya karye wajen karayar gargada ne ko ɗan lotsawa kamar bakin fasasshiyar kwalba, da ƙyalli mai ɗan maiƙo-maiƙo. Kar ka fasa na mutane dan gwaji fa, duba bayan dutsen inda aka ɓamɓaro shi, dole akwai karaya a nan. Istibnait kuma dogo ne kamar takobi ko tsinke, da zane a tsaye, yafi laushi. Wanda yafi ruɗa mutane shine tetrahedirait, shima ɗan dangin salfosolt ne, dan launinsu ɗaya kuma tare suke fitowa, sai dai shi fuskokinsa masu kusurwa uku ne kamar ɗan dala, kuma ya ɗan fi tauri.

Gwajin da nafi yarda dashi a gida shine na nauyi da ruwa, kana da ƙaramin sikelin awon turare ko za'afaran ai, wanda yake nuna ɗigon giram. Auna dutsen a bushe ka rubuta. Sai ka ɗora kofin ruwa akan sikelin ka maida shi sifiri, ka ɗaure dutsen da zare ka zura shi cikin ruwan ya nutse duka amma kar ya taɓa gindi ko gefen kofi, ka rubuta abinda sikelin ya nuna. Raba na farko da na biyu. Burnonait zai baka wajen 5.8, galina wajen 7.5, istibnait 4.6, tetrahedirait tsakanin 4.6 da 5 da ɗan kai. Misali in a bushe giram 29 ne a ruwa kuma sikeli ya nuna 5, ka samu 5.8 kenan. Amma wannan yana aiki ne kawai in kiristal ɗin shi kaɗai ne, in yana zaune akan uwar dutse ta kwaz lissafin zai faɗo ƙasa ya ruɗa ka, kuma in ɗan mitsitsi ne kuskuren sikeli zai fi ƙarfin gwajin.

In kana da sanayya da masu shagon zinare, da yawansu suna da na'urar nan da suke haska gwal da ita ta faɗi ƙarafan dake ciki ba tare da ta taɓa shi ba. Roƙi a haska maka fuskar kiristal ɗin. Lambobin da zata bayar kar ka riƙe su da ƙarfi dan an saita ta ne akan gwal da azurfa kuma galibi bata karanta farar wuta, abinda kake nema kawai kaga dalma da antimoni da tagulla sun fito tare, dalma a sama. In dalma ce zalla to kwalli aka kawo maka. Tabbaci na ƙarshe sai gwajin haskawa da ake yiwa garin ma'adini a ɗakin bincike, irin wanda ake yi a Hukumar Binciken Ƙasa ta Saudiyya anan Jidda ko a sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Sarki Abdul'aziz, amma dan dutse ɗaya na riyal 700 mai siffar wili a fili ba sai ka kai can ba.

Abinda yafi faruwa ma ba wai a baka wani dutse daban bane, a baka na gasken ne wanda aka yiwa aiki. Na taɓa sayen ɗaya ta intanet shekarun baya, wili mai kyau akan farin kwaz, na ajiye shi kusan shekara ina murna, ranar da na haska shi da ƴar tocilan mai shuɗin haske irin ta duba kuɗi sai ga wani zobe yana walƙiya a gindin kiristal ɗin, ashe gam ne, an ɗauko wilin daga wani waje an dasa shi akan dutsen da ba nasa ba an barbaɗa garin dutse an rufe bakin. Abin ya min ciwo ƙwarai dan na yarda da mutumin. Tun daga nan bana sayen komai sai na tambaya a rubuce ko an gyara ko an manna ko an shafa mai. Gyara kansa ba laifi bane, dutse mai gautsi irin wannan dole wani ya karye a maida shi mazauninsa, masu tarawa sun yarda da haka in an faɗa kuma an rage kuɗi, ɓoyewar ce ha'inci. Ka samu ɗan madubin masu zinare mai ƙara girma sau 10 ka bi gindin kiristal ɗin a hankali, in kaga wani abu mai sheƙi kamar busasshen ƙaro ko ƴan kumfa, ɗiga masa asiton na goge farce da tsinken auduga, gam zai yi laushi, dutse kuwa ko a jikinsa.

Batun riyal 700 kuwa, nemi hotunan na rami ɗaya masu girma ɗaya a shafukan dillalan duwatsu uku ko huɗu ka kwatanta, ka ƙirga haƙoran da suka gutsire dan ko ɗaya ne a fuskar gaba yana karya farashi sosai. Ra'ayina dai kar ka fara da wannan. Fara da ƙarami mai araha ko da bashi da kyau can, ka riƙe shi a hannu wata biyu uku idonka ya saba da kalar tokarsa da irin sheƙinsa kusa da galinarka, kuɗin ka da gumi ka samo su a tsaye a shago, ba'a koyon ido da babban kaya.

Zuwa nema da kanka

Yammacin ƙasar nan tun daga gaɓar Bahar Maliya zuwa cikin Najad tsofaffin duwatsu ne masu ma'adinai, kuma a yankinku na Madina ne Mahduz Zahab yake, ramin zinare ne wanda mutane suka haƙa tun zamanin da, aka sake aiki a cikinsa daga 1939 zuwa 1954, aka kuma buɗe shi a 1988. Jijiyoyin kwaz na wajen suna ɗauke da galina da ma'adinan tagulla da tutiya tare da zinaren, a wajen Dawadimi kuma akwai tsofaffin ramukan azurfa. Amma kayan irin waɗannan wurare injin niƙa suke tafiya, kuma salfosolt ɗin da nake gani a samfurin da ya biyo ta hannuna ɗigo ne na madubi, wililluka masu kyau da suke yawo a hannun masu tarawa daga ƙasashen da na lissafa maka suke fitowa.

Sannan ka riƙe wannan da kyau, ma'adinan ƙasar nan na hukuma ne, haƙa ko ɗiba sai da lasisin ma'aikatar masana'antu da albarkatun ma'adinai, sabuwar dokar ta fara aiki tun Janairun 2021 kuma tana da tsanani. Mu da muke zaune da iƙama bai kamata a tsinci ɗayanmu da guduma da buhun duwatsu kusa da wajen haƙa ba, abinda zai biyo baya yafi ƙarfin dutse. Tsofaffin ramukan kuma rijiyoyi ne a buɗe, bakinsu yana zaftarewa, ga macizai ga rashin iska a ciki. In kana son fita daji ka koyi duwatsu nemi tafiyar da ɗaliban ilimin ƙasa ko masu izini suke shiryawa ka bisu.

Ajiya, da maganar da tafi damuna

In ka saya, kar ka naɗe shi da auduga, zarenta yana maƙalewa a haƙoran in kazo cirewa ya ɓalle su, na rasa haƙori biyu na wani wili daga Romaniya ta haka. Takarda mai laushi ko leda mai taushi ta isa, sannan ka zaunar dashi a ɗan akwatin roba mai murfi yadda bazai yi ta gungurawa ba. Ƙura da ɗan buroshin fenti mai laushi ake kaɗe ta, ba buroshin haƙori ba, kar ka sa masa asid ko ruwan wanke bayi ko man goge ƙarfe dan ya ƙara haske, in ya dushe ka barshi a yadda yake. Ku a Madina iskarku busasshiya ce kun huta, mu anan Jidda danshi da gishirin teku suna cin duwatsu musamman in uwar dutsen tana da fairait, wato ma'adinin ƙarfe da farar wuta mai kalar zinare, sai kaga ta fara fitar da farin gari da warin farar wuta tana cin takardar ma, shiyasa nake jefa ƴan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi cikin kowane akwati ina canzawa. Takardar asali kuwa ka ɗauki hotonta, ka rubuta lamba a ƙasan akwatin da littafinka, sunan rami, lardi, ƙasa, ranar da ka saya da nawa, ko an gyara. Duk tsohuwar takarda da tazo dashi ko ta yage kar ka yar.

To ga abinda yasa na ɗauki lokaci akan tambayarka. Kace yayi kama da kwalli kuma shagonku na ismid ne, ina jin tsoron ranar da wani a gida zai ga guntu ya karye yace bari a daka a sa a ido. Kusan rabin nauyinsa dalma ce, ga antimoni, wani lokaci da ɗan arsanik a ciki. A dunƙule cikin akwati baya cutar da kowa, ka taɓa ka wanke hannu kafin ka ci abinci shikenan, amma garinsa guba ne, ba'a dakawa, ba'a gogawa a dutse, ba'a lasa, ba'a ƙonawa a shaƙi hayaƙin duk da yana narkewa da wuta kaɗan. Mu Hausawa mun ga abinda garin dalma yake yi, a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara yara wajen 400 suka rasu saboda ana daka dutsen zinare mai dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda suke rarrafe. Dalma jikin yaro yafi na babba zuƙarta kuma ƙwaƙwalwa take taɓawa. Wannan maganar ta shafi kwallin galina da kuke aunawa ma, musamman wanda ake sawa jarirai, dan Allah in uwa tazo saye ka gaya mata kar ta sawa jinjiri, kuma ka daina ajiye buɗaɗɗen garinsa kusa da dabino. Akwatin tarinka ya zauna a sama inda hannun yara baya kaiwa, da makulli in da hali.

Kace wa mai dutsen ya turo maka ɗan bidiyo yana juya shi a hasken rana ba fitila ba, da hoton bayansa, da hoton takardar, da nauyinsa a giram, kuma ya yarda zaka iya maidawa in gwaji bai yi ba. In ya turo ka miƙo min mu duba tare, in kuma Allah ya kawoka Jidda ka biyo ta gida in ɗora maka na Yaogangxian a hannun dama galina a hagu kaji bambancin da kanka.